Shago a cikin rami: yadda ƙura da hayaƙi suka kusa tashin wani wurin ɗinki a Kano

## Wurin da mutanen cikinsa

Shagon yana ƙarƙashin wani bene mai hawa biyu, a ɗaya daga cikin layukan da ke ɓullewa Kantin Kwari. Daga bakin titi sai an sauka matakala 14 kafin a taka daɓensa. Tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 5, ƙofa ɗaya gare shi, a gindin matakalar. Akwai 'yan tagogi biyu can saman bangon baya, dab da rufi, suna kallon wani lungu, amma tun kafin a kama wurin mai benen ya sa an toshe su da bulo saboda ɓarayi. Asali don ajiye dilolin yadi aka gina shi.

Mai shagon kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, tela da ya haura shekara ashirin yana ɗinkin maza. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma kusan duk yammacin Asabar nakan biya in zauna wajensa, shi ya sa lamarin ya faru a kan idona. Mutum tara ke aiki a ciki: teloli biyar har da shi, biyu masu kula da injin aikin wuya na kwamfuta, yaro mai guga ɗan shekara 17, sai ƙaramin ɗan koyo mai yanke zare da shara.

A watan Agustan 2023 suka tare. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, komai ya bi ta, har da kuɗin haya. Na ƙasa rabin kuɗin na sama ne, ga sanyi, ga shiru. Duk wanda ya taɓa zama kan keke a zafin Kano ya san darajar ɗaki mai sanyi.

Janaretan shagon, mai shan fetur, yana bakin matakala daga sama, cikin kejin ƙarfe, an juya salansarsa ta kalli matakalar saboda masu shagunan sama sun ce kada a turo musu hayaƙi. Kusa da shi akwai ƙananan injina biyu na maƙwabta, irin Tiger ɗin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Guga da dutsen gawayi ake yi, a kusurwar da ta fi nisa da ƙofa, don janaretan ba zai ɗauki dutsen lantarki da injin aiki lokaci guda ba. Daɓen tsurar siminti ne da ya fara farfashewa, kullum da safe ɗan koyo zai bi shi da tsintsiya.

## Disamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: tarin da aka ɗora wa hunturu

Tari ya fara a tsakiyar Disamba, lokacin da rabin Kano ke tari. Iskar hunturu kan ɗebo ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, wanda gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe, ta shimfiɗa mana ita a nan. Idan hazo ya yi kauri har jirage kan kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Don haka babu wanda ya kawo komai a ransa. Da na yi wa Kawu maganar yadda idona ke yaji duk sanda na sauko, sai ya ce, "Malam, ai sanyi ne. Bari bazara ta shigo ka gani."

An sayo maganin tari a kemis, an dafa citta da kanumfari, an sha zuma da lemon tsami. Kawu ya riƙa sayen madarar gwangwani yana raba wa yara da yamma, saboda abin da kowa ke faɗa cewa madara na wanke ƙurar ƙirji. Aka rataya labulen leda mai kauri a ƙofa don tare ƙurar titi. Da masu kaya suka fara cewa ɗinkinsu na ƙaurin hayaƙi, sai aka kawo kasko ana sa turaren wuta safe da yamma.

Zuwa ƙarshen Fabrairu mutum shida cikin tara na tari, uku na cewa kakinsu na safe baƙi ne.

## Azumin 2024: daga 11 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu

Hazo ya tafi, tari bai bi shi ba. Ɗinkin Sallah ya taso, aka koma aikin dare, daga bayan tarawihi har sahur, kuma mafi yawan waɗannan awoyi da janareta ake yin su. Sai ciwon kai ya shigo, irin mai sara a goshi, da jiri idan mutum ya miƙe daga kan keke. Wasu suka ce azumi ne da rashin barci, wasu suka sha maganin zazzaɓin cizon sauro. Wani abu da ɗaya daga cikin telolin ya faɗa mini a lokacin, ban riƙe shi da muhimmanci ba sai daga baya: ya ce idan ya hau sama ya yi sallar asuba a masallacin layin, kafin a idar kan nasa ya saki.

Yaro mai guga shi ya fi jin jiki. A goman ƙarshe numfashinsa ya fara fita da ƙara kamar usur, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Mahaifiyarsa ta ji tsoron tarin fuka, aka kai shi asibitin gwamnati inda ake gwajin kaki kyauta. Sakamako ya nuna ba shi da ita. Likita ya ce alamun asma ne, ya rubuta masa abin shaƙa, ya tambaye shi inda yake aiki, ya ce ya nisanci hayaƙi. Kawu ya fahimci maganar a kan gawayi kaɗai, sai ya sayo kwalin takunkumi shuɗi irin na zamanin korona ya ce kowa ya riƙa sawa. Cikin zafin Afrilu babu wanda ya iya riƙe shi awa guda a fuska.

Ana saura kwana uku Sallah wani mai kaya ya dawo da farar shadda, duk layin ninkinta ya yi toka-toka alhali ba a taɓa sa ta ba. Kawu ya biya kuɗin shaddar. Wannan asara ce da ido ke gani, kuma ita ta sa aka fara tunanin gyara ɗakin kansa. Bayan Sallah aka ƙara fankar sama guda biyu.

## Mayu zuwa Satumba 2024: fankar zuƙe iska

Fankokin sama sun rage gumi, ƙauri kuwa yana nan. A watan Mayu wani mai gyaran wuta ya ba da shawarar a fasa ɗaya daga cikin tagogin da aka toshe a sa fanka mai zuƙe iska tana fitarwa lungu, irin ta kicin ɗin otal. Mai benen ya yarda da taga ɗaya. Ni ma na goyi bayan shawarar, domin a tunanina duk abin da zai fitar da iskar ciki alheri ne. Aka cire labulen leda.

Da farko kamar an dace. Ruwa ya sauka, ƙurar gari ta kwanta, aiki ya ragu bayan Babbar Sallah, janareta ba ya wuce awa biyu ko uku a yini. Tari ya lafa wa kowa in ban da mai guga. Sai dai teloli biyun da kekunansu ke kusa da ƙofa sun riƙa cewa idan an tayar da injin, warin fetur ya fi na da ƙarfi. Aka ce ƙila kaburetan ne, aka kira makanike ya wanke.

## Oktoba 2024: kwanakin duhu

A goman ƙarshe na Oktoba manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, Kano da jihohi da dama suka shafe sama da mako guda babu lantarki. Duk da fetur ya haura naira 1,000, wanda ya karɓi aikin biki dole ya tayar da inji. A bakin matakalar nan janareta uku suka zama biyar, suna aiki daga safe har dare, fankar zuƙe iska ita ma tana kunne tun daga buɗe shago.

A kwana na huɗu, bayan la'asar, ɗan koyo ya yi amai, ya ce ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Ana cikin yi masa fifita sai mai guga ya sulale daga tsaye. Allah ya sa akwai wani mai kaya da ya sauko a daidai lokacin, shi bai daɗe a ciki ba, kansa garau, ya daka tsawa kowa ya fita. Aka sa yaran biyu a Adaidaita Sahu zuwa asibiti, aka sa musu iskar oksijin, suka kwana. Likitan da ya duba su ya ce gubar kabon monoksaid ce.

Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari. Fetur da gawayi duk suna fitar da ita idan ba su ƙone sarai ba, kuma jini ya fi kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, wato daidai abin da mu nan muke kira zazzaɓi ko gajiya. Ita ke kashe iyali guda cikin barci idan an kwana da janareta a cikin gida.

Kawu ya rufe shagon kwana huɗu. Teloli biyu suka ce in dai nan ne ba za su dawo ba.

## Nuwamba 2024: awo

Na aro wata 'yar na'urar auna ƙura daga wani abokin karatuna, girmanta bai fi wayar hannu ba, tana nuna lamba da launi: kore, rawaya, ja. Abin da take aunawa shi ake kira PM2.5, wato ɓurɓushin da kaurinsa bai wuce maikiromita 2.5 ba. Silin gashin mutum yakan kai maikiromita 50 zuwa 70, ke nan sai an jera irinsa ashirin zuwa talatin kafin a samu kaurin gashi ɗaya. Ƙurar da ido ke gani, gashin hanci da majina kan tare mafi yawanta. Wannan kuwa wucewa take har ƙarshen huhu, inda iska ke haɗuwa da jini, mafi ƙanƙantarta ma takan ratsa cikin jinin. Ba ta kuma saurin kwantawa. A ɗakin da iska ba ta ratsawa takan yi awoyi tana yawo. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata matsakaicinta na yini guda ya wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska ba, na shekara kuma 5. Kubik mita ita ce iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare. Tun 2013 hukumar binciken kansa da ke ƙarƙashinta ta sa irin wannan ƙura cikin abubuwan da ke haddasa kansar huhu, ban da asma da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da aka daɗe da danganta su da ita.

Kwana bakwai na yi ina awo, sau huɗu a yini, a wuri uku: bakin titi, gindin matakala, da kusurwar guga. A wannan makon an bar janaretan shagon a kashe sai na ɗan lokacin awo, kowa na sama.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne awon asuba. Kafin a fara komai, lambar cikin shago ta fi ta titi ƙasa. Ke nan ramin da kansa ba shi ne mai ƙurar ba, kuma ba hunturu ke cika shi ba. Da ɗan koyo ya sa tsintsiya sai na'ura ta koma ja, ta zauna a ja sama da awa guda bayan ya ajiye ta, fankokin sama na ta juya abin da ya tayar. Hura gawayi ya sake mayar da ita ja. Kaskon turare, da ake kawowa don gyaran iska, shi ya ba da lamba mafi girma a ɗan gajeren lokaci. A titi ma akan ga ja ran da hazo ya sauka ko motoci suka cunkushe, amma da iska ta kaɗa sai lambar ta sauko. A ƙasa idan ta hau ba ta da abin da zai sauko da ita.

A nan na tuna abin da na taɓa karantawa game da tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, na koma na sake bibiyarsa da kyau. Mu ba mu da irinsu, na Legas da na Abuja a sarari suke tafiya. Landan kuwa tana da nata tun 1863, Alƙahira tun 1987. Jiragen yanzu da lantarki suke aiki, babu salansa, babu hayaƙi, amma duk da haka iskar dandamalin jiran jirgi a birane da yawa ta fi ta titin da ke samansa ƙura. A 2021 masu bincike na Jami'ar Niyok sun wallafa awon da suka yi a tashoshi 71 a biranen Amurka huɗu, inda suka samu lambar da ta kai 1,499 a tashar titin Kiristofa da ke Niyok. Awon ɗan lokaci ne, ba matsakaicin yini ba, amma a ajiye shi kusa da 15 a gani. Ƙurar can mafi yawanta garin ƙarfe ne: tayar ƙarfe na gugar layin dogo, birki na cin kansa, abin da ya zube ba shi da hanyar fita. Sai kuma jirgin da kansa, da yake ya kusa cike ramin, yana tafiya yana tura iskar gabansa yana jawo ta bayansa kamar sandar sirinji, duk wucewa sai ya tayar da abin da ya kwanta. Tashar da ta fi zurfi da nisa daga sarari ita ta fi shan wahala. A Siyol ta Koriya ta Kudu sun sa bangon gilashi mai ƙofofi tsakanin masu jira da layin dogo, ƙurar dandamali ta ragu. A Landan ma'aikata kan shiga ramukan da dare da injinan zuƙe ƙura, don tsintsiya a irin wannan wuri tayarwa kawai take.

Da na gama karatun sai na ga tambayoyin da injiniyoyin can ke yi su ne ban yi ba a watan Mayu: ina ake haifar ƙurar, me ke tayar da ita bayan ta kwanta, kuma iskar da ake fitarwa, ta ina madadinta ke shigowa?

Ta ukun ce ta hana ni barci. Washegari na kira Kawu, muka tsaya a saman matakala, na ce a kunna fankar zuƙe iska, na kunna tsinken turare ɗaya na riƙe shi daidai bakin salansar janaretan. Hayaƙin bai tashi sama ba. Ya kwanta, ya bi matakala zar kamar an ja shi da zare, ya shige shagon. Aka kashe fankar, ya miƙe sama. Aka sake kunnawa, ya sake gangarawa. Duk iskar da fankar ta fitar ta taga, dole wata ta maye gurbinta, kuma ƙofa ɗaya ce, a gabanta injinan suke.

Kawu ya daɗe yana kallo bai yi magana ba. Can ya ce, "Wato da kuɗina na sayo abin da ke jawo mana shi."

Na ce, "Kawu, har da shawarata a ciki."

## Disamba 2024 zuwa Fabrairu 2025: gyara

Abin da ba ya cin kuɗi aka fara yi a ranar. Aka kashe fankar zuƙe iska. Kaskon turare ya fita. Guga ta koma sama, ƙarƙashin wata 'yar rumfa a gefen benen. Aka ajiye tsintsiya, aka koma tsince ƙyallaye da hannu sannan a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, kuma da dare bayan an tashi, ba da safe mutane na zaune ba. Na sayo ƙararrawar kabon monoksaid mai batir aka liƙa a bango, domin na'urar ƙura ba ta ganin wannan iska, ita ma ƙararrawar ba ta ganin ƙura.

Janareta ne ya ɗauki lokaci. Hukumar kula da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar a ajiye shi aƙalla ƙafa 20, kimanin mita 6, daga kowace ƙofa ko taga, kuma a wannan layin babu irin wannan fili sai saman benen. Sai da Kawu ya je wa mai benen tare da limamin masallacin layin kafin ya yarda, bisa sharaɗin Kawu ne zai yi keji da kuɗinsa, kuma duk tagar da aka buɗe a sa mata rodi. Wayar farko da aka ja daga sama siririya ce, wuta na isowa da rauni, injin aiki na tsayawa a tsakiyar zane; sai da aka canza mai kauri. Maƙwabci ɗaya ya hau da nasa injin a makon, ɗayan ya ƙi, ya ce ba zai riƙa hawa bene biyu da jarka ba. Wata guda ana lallami kafin ya amince da a ba shi layi daga na Kawu yana biyan rabonsa na mai.

Sai maganar iska. Aka juya fankar ta koma turo iska ciki daga lungu, don ɗakin ya cika ya riƙa amayar da iskarsa ta matakala, maimakon ya sha daga can. An sake gwajin tsinken turare, wannan karon hayaƙin ya tsaya a sama. Amma kwana biyu da yin haka, da yamma, shago ya cika da ƙaurin mai: ashe wata baiwar Allah na suyar awara a lungun, dab da tagar. Ba a tashe ta ba. Mai walda ya yi bututun kwano ya hau da bakin shan iskar har saitin hawa na farko.

Ƙurar hunturu kuma ta shigo ta bututun. Aka sa soso irin na esi a bakinsa, ya tare manyan ƙwayoyi, na'ura ta nuna bai taɓa ƙananan ba. Aka samo matata mai ninki-ninki wajen masu sayar da kayan sanyaya manyan gine-gine, sai fankar ta kasa tura iska ta cikinta, tana juyawa a banza. Irin wannan fanka mai fukafukai ba ta da ƙarfin turi. Aka sayi wata fankar ta gwanjo mai siffar dodon koɗi, irin ta cikin manyan esi, ita ta iya. Soson ya koma gaba yana tare manya, ana wanke shi duk kwana uku, matatar na bayansa. A tsakiyar ɗaki kuma muka haɗa akwati da matatu huɗu da kwali da salatif, fankar tebur a samansa, irin dabarar da wasu Amurkawa biyu, Corsi da Rosenthal, suka yaɗa a 2020 lokacin korona. A ƙarshen Janairu aka yi wa daɓen tayil. Ɗaya daga cikin fankokin sama aka cire, ɗayar aka bar ta a lamba mafi ƙasa.

Kuɗin duka ya kusa hayar shekara ta shagon. Kawu ya sayar da keke ɗaya ya cika.

## Azumin 2025: daga 1 zuwa 29 ga Maris

Aikin dare ya dawo kamar bara, janareta na aiki a sama har sahur. Na sake aro na'urar na mako guda. A mafi yawan awo lambar ciki ta fi ta titi ƙasa, tana tsakanin kore da rawaya. Ta taɓa ja sau biyu, duka a ranar da aka manta da wanke soso, iska ta daina shigowa. Ƙararrawa ba ta yi kuka ko sau ɗaya ba. Babu wanda ya yi ƙorafin ciwon kan dare. Daga cikin masu tari shida, huɗu sun daina tun cikin Fabrairu, biyu na yi jefi-jefi, ɗayansu mai shan taba ne. Ɗaya daga cikin telolin da suka tafi ya dawo. Farar shadda ta kwana uku a rataye ba ta canza ba.

Mai guga bai rabu da abin shaƙarsa ba. Yana aiki a rumfar sama, da dutsen lantarki idan akwai wuta, kuma ba ya sauka ƙasa sai ɗaukar kaya.

## Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Madara cikin ciki take zuwa, ba ta bi ta huhu, don haka ba ta da abin wankewa. Maganin tari ya danne alamar da jiki ke bayarwa. Labulen leda ya tare 'yar iskar da ke shigowa, ya rufe gawayi da mutane a ɗaki guda. Turare ƙari ne a kan hayaƙi. Fankar sama tana juya iskar da ke nan ne, ba ta kawo sabuwa, kuma duk abin da ya so kwantawa sai ta tayar da shi, aikin da jirgi ke yi a raminsa. Shuɗin takunkumi yana da gibi ta gefen kumatu inda ƙananan ƙwayoyi ke bi. Takunkumin N95 da ya zauna daidai a fuska zai tare su, amma babu takunkumin ƙura da ke tare kabon monoksaid.

Fankar zuƙe iska ita ce kuskure mafi haɗari, kuma ita ta fi kama da dabara. Damina ta rufa mata asiri wata biyar. A ganina, da ba a sa ta ba, da wuya abin da ya faru a Oktoba ya kai inda ya kai, kuma tsinken turare na naira kaɗan zai iya nuna hakan tun ranar da aka ɗaura ta.

Idan aka auna gyare-gyaren da juna, mafi yawan sauƙin ya samu ne daga fitar da janareta, gawayi, turare da tsintsiya, tun kafin a sayi matata ko ɗaya. Juya fankar shi ne na biyu, don shi ya hana matakala zama maƙogwaron shagon. Matata ta zo a ƙarshe, aikinta ƙurar hunturu da ta titi, kuma ita ce mai neman kulawa kullum. Na jinkirta awo har Nuwamba alhali ina da masaniyar da ya kamata ta sa in yi tun azumin 2024, lokacin da telan nan ya ce kansa na saki idan ya hau sama. Wannan jinkiri na cikin abin da ya jawo wa mai guga ciwon da yake fama da shi.

Burbushin auduga da zare daga yanka da injin aiki yana nan, ana ganinsa a jikin matatun akwatin tsakiya, waɗanda ake canzawa idan sun yi toka. Kawu na tara kuɗin sola da batir don a rage tayar da inji. A layin akwai wasu shagunan ƙasa guda uku masu irin wannan gini, ɗaya na masu buga takardu, biyu na ajiyar yadi da masu gadi ke kwana a ciki. Kawu ya kai masu su bakin matakalarsu ya kunna musu tsinken turare. Ɗaya ya hau da janaretansa sama, biyun har yanzu nasu na bakin ƙofa.